Martin Luther King ko Malam Aminu Kano: hoton wa za a fara liƙa wa 'yan aji biyu?

Ƙanwata malama ce a wata firamare a ƙasar Ringim, 'yan aji biyu take riƙe da su. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta shigo gidana, ko mayafi ba ta sauke ba ta miƙo min waya. Wata abokiyar karatunta ce ta turo mata hotuna ta WhatsApp, irin waɗanda ake shirya wa ƙananan yara a Amurka a kan Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a can: ga shi yana yaro, ga shi yana jawabi, ga motar bas, ga taron jama'a kamar filin idi. Ta ce, "Yaya, hedimasta ya ce kowane aji ya ɗauki mutum ɗaya da ya tsaya wa masu rauni, a koyar da labarinsa da hoto cikin mako biyu. Ga wannan a shirye, ba sai na wahala ba. Amma zuciyata tana ce min Malam Aminu. Wanne zan ɗauka?"

Na ce ta ba ni kwana biyu. Shekarata goma sha tara ina riƙe da alli, na gwada duka biyun a aji, kuma kowanne ya taɓa kunyata ni a gaban yara. Abin da na gaya mata shi nake rubutawa a nan, ko wani malamin zai amfana.

Kafin a kai ga zaɓen mutum, sai an san abin da ɗan shekara bakwai ke nema a hoto. Fuska ba ta dame shi ba. Ka ɗaga masa hoton babban mutum daga kafaɗa zuwa hula, zai ce maka "wani Alhaji ne", shi ke nan ya gama da shi. Idonsa aiki yake bi: wa ke zaune, wa ke tsaye, wa aka hana, wa ke kuka, me ke hannun wancan. Don haka ina da gwaji ɗaya da nake yi wa kowane hoto. Ina rufe rubutun da ke ƙasansa, in ɗaga shi, in ce, "Me ke faruwa a nan?" In hannaye suka tashi, hoto ya ci. In aka yi tsit ana kallona, wannan hoton na bangon ofis ne.

A wannan gwajin labarin Amurka ya yi wa namu fintinkau, kuma ba na jin nauyin faɗa. Zaluncin da King ya yaƙa ido na ganinsa ƙuru-ƙuru. A jihohin kudancin ƙasar Amurka doka ce ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a gidan abinci, a ɗakin jiran jirgin ƙasa, har a wurin shan ruwa. Akwai tsofaffin hotunan famfo biyu a bango ɗaya, ɗaya mai kyau, ɗaya kamar an yasar, kowanne da rubutun da ke faɗin wanda zai sha. Yaron da ke bin layin rijiyar burtsatse da jarka kowace safiya ba ya bukatar tafinta a nan. Ya san ruwa, ya san layi, ya san zafin a ture shi baya don wani ya fi shi gata.

Labarin bas ma haka. A garin Montgomery na jihar Alabama kujerun gaba na farar fata ne. Baƙar fata yakan biya kuɗi ta ƙofar gaba, sau da yawa kuma sai ya sauka ya zagaya ya shiga ta baya. Ranar 1 ga Disamba 1955 wata tela mai suna Rosa Parks, 'yar shekara 42, ta taso daga aiki ta zauna a layin tsakiya. Mota ta cika, direba ya ce mutum huɗu su tashi saboda Bature ɗaya da ke tsaye. Uku suka tashi, ita ta ƙi, aka kama ta. Daga 5 ga Disamba baƙar fatan garin suka ƙaurace wa bas, suna tafiya aiki a ƙasa ko su haɗu a motar wani, har kwana 381, sai da kotun ƙoli ta tabbatar da cewa rabon kujerun ya saɓa wa tsarin mulki. King yana ɗan shekara 26 aka sa shi a gaban wannan gwagwarmaya. Hoto huɗu sun ɗauke labarin duka: mace a zaune, ɗan sanda, mutane suna tafiya a ƙasa bas na wucewa ba kowa a ciki, sai kuma macen a kujerar gaba. Yaranmu sun san motar kasuwa, sun san wanda ake ba gidan gaba da wanda ake ɗorawa a kan buhu.

Akwai ma wani guntun labari da ya fi waɗannan kusa da zuciyar yaro. King, wanda aka haifa a Atlanta ranar 15 ga Janairu 1929, yana da aboki farar fata da suke wasa tare. Da suka kai shekara shida aka sa su makaranta daban-daban, uban yaron kuma ya hana su wasa. Duk ajin da na ba wannan labarin sai an yi shiru, don kowannensu yana da abokin da ba ya son a raba su.

Wani abu a gefe, don kada malami ya yi kuskuren da na yi. Sanannen hoton nan na Rosa Parks tana zaune a bas tana kallon taga, da wani Bature a bayanta, an ɗauke shi ne a Disamba 1956, bayan an yi nasara, kuma mutumin ɗan jarida ne. Na shekara biyu ina nuna shi ina ce wa yara "ga wanda ya ce ta tashi". Bawan Allah bai ji ba bai gani ba.

To ina matsalar? Ta farko launi ne, kuma ita ce ta kunyata ni. Yawancin 'yan ajina ba su taɓa ganin Bature ido da ido ba. A bakinsu "fari" da "baƙi" suna nufin hasken fata a tsakaninmu: wance fara ce, wane baƙi ne, wancan wankan tarwaɗa. Na gama darasi ina jin daɗin kaina, aka fita tara, sai ga hayaniya a bakin famfo. Wata yarinya 'yar ruga, fara sol, an sa mata suna Baturiya, an ce yau ita ce ba za ta sha ruwa ba, wai ramuwa ake. Darasin da na kawo don hana wariya shi ya koya musu sabon wasan wariya. Tun daga ranar, kafin in ɗaga hoton farko nake cewa, "Da a ce a can muke a wancan zamanin, dukkanku, da farinku da baƙinku, da ni malaminku, bayan mota za a tura mu." Sannan ina tabbatar da na nuna hoton babban gangamin birnin Washinton na 28 ga Agusta 1963, wanda kusan mutum 250,000 suka halarta, in sa yara su nemo farar fata a cikin taron. Suna nan da yawa. In ba a yi haka ba, abin da zai zauna a kan yaro shi ne Bature mugu ne, kuma ba wannan aka zo koyarwa ba.

Ta biyu harshe ne. Jawabin da King ya yi a wannan taron ana yawan fassara shi da kalmar mafarki. Ga ɗan aji biyu mafarki abin da ake gani a barci ne, kuma wanda ake ce wa "mafarki kake yi" ba yabonsa ake ba. Wani yaro ya taɓa tambayata ko mutumin barci ya yi a gaban jama'a. A ce buri, ko fata: burinsa shi ne a auna 'ya'yansa huɗu da halinsu, a daina auna su da launin fatarsu. Hali kuwa kalma ce da suke ji a gida kullum.

Ta uku, King fasto ne na cocin Baptis, kuma a ƙauye labari ba ya kwana. Kada a ɓoye, kada kuma a bari iyaye su ji a bakin yara. A gaya wa hedimasta da shugaban kwamitin iyaye tun da wuri, a zaɓi hotunan titi da na taro, a bar na cikin coci. In wani uba ya zo da tambaya, amsar tana cikin abin da shi ma ya karanta a Islamiyya: Najjashi, sarkin Habasha, Kirista ne lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbai wurinsa saboda sarki ne da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ban taɓa ganin uban da ya ci gaba da musu bayan wannan ba. Labarin Sayyidina Bilal ma ƙofa ce mai kyau ta shiga maganar launi.

Hotunan Birmingham na 1963, inda aka saki karnuka aka kuma feshe yara da ruwan kashe gobara, da na ranar da aka harbe shi a Memphis, 4 ga Afrilu 1968, yana da shekara 39, duk a ajiye su sai aji biyar ko shida. In sun tambaya yadda ya ƙare, a ce an kashe shi, a tsaya nan.

Amma babbar matsalar ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Labarin King a ƙofar makaranta yake tsayawa. Yarinya ta koma gida tana ɗoki, ta ce, "Inna, kin san Matin Luta?" Inna ta ce, "Wane ne kuma haka? Ɗauko min tsintsiya." Shi ke nan an rufe littafi. Abin da yaro ya ji a aji na minti talatin, in bai samu wanda zai amsa masa a tsakar gida ba, kafin girbin gero ya bi ruwa.

A nan Malam Aminu ya yi zarra. An haife shi a Kano ranar 9 ga Agusta 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1946, ya dawo ya koyar a Maru, sannan ya bar aikin gwamnati ya shiga siyasa. A Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, wadda talakawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, ya zama jagoranta. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, kuma da hawansu suka soke haraji da jangali. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Mu 'yan Jigawa kada mu manta, lokacin duk Kano muke, sai 1991 aka yanke mu. Wannan sokewar harajin ta shafi kowane gida daga Kazaure har Haɗeja.

Ma'anar haka ita ce darasin yana da shaidu a raye. Duk dattijon da ya haura sittin ya ga zamanin haraji da idonsa. Ya san yadda ake bi gida-gida ana ƙidayar baligai, yadda magidanci kan sayar da akuya ko ya ɗebi hatsin rumbu don ya biya, yadda wani kan tsere ci-rani in lokaci ya matso. Bafulatani zai ba ka labarin jangali, kuɗin kowane kan saniya, da dabarun ɓoye shanu a daji in masu ƙidaya sun doso. 'Yan tamanin kuwa suna tuna aikin tilas da ɗaurin da 'yan NEPU suka sha a kotunan En'e. Shekarar da na koyar da wannan darasin na roƙi wani dattijo maƙwabcin makaranta ya zo ya yi mana minti goma. Ya zo da wata tsohuwar takardar haraji da ya ciro daga ƙasan adaka, ta yi ja don tsufa. Yara suka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu kamar ƙwai. Wani ya ce, "Baba, in mutum bai biya ba fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai sai ka kwana a gona." Minti goma suka zama awa guda. Washegari rabin ajin sun dawo da labarin kakanninsu, wasu ma da gyara a kan abin da na faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai dai in aka zo maganar hoto, nan Malam ya bar malami da aiki. Yawancin hotunansa da za ka samu a intanet na fuska ne: fararen kaya, hula, wani lokaci a gaban lasifika. Su ne ainihin irin waɗanda ke faɗuwa gwajin da na ambata. Kuma fuskarsa ba ta kan kuɗi, balle a ce yara sun saba da ita kamar ta Sardauna a kan naira 200 ko ta Murtala a kan naira 20. Inda suka fi ganinsa shi ne a kusurwar fastar 'yan takara, don har yau 'yan siyasa na kowane ɓangare suna liƙa hotonsa kusa da nasu. Na taɓa ɗaga shi a aji wani yaro ya ce, "Malam, wannan ɗan jam'iyyar babana ne", wani ya ce ƙarya ne, nasu ne. Saura kaɗan a ba hammata iska.

Wahalar ta fi haka zurfi. Zaluncin da Malam ya yaƙa ba shi da launi. Mai karɓar haraji da mai biya fuska iri ɗaya, harshe ɗaya, masallaci ɗaya. Kyamara ba ta da abin kamawa. Sannan jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya a gabanka: ga jikan dagaci, ga jikan wanda aka ɗaure, ga jikan ɗan NPC, jam'iyyar Sardauna mai alamar fartanya, ga na ɗan NEPU mai tauraro. Malamin da ya zana mai rawani a matsayin mugun labari ya ɓata wa yaro ɗaya shekararsa, ya kuma janyo wa kansa kira zuwa ƙofar fada. Abin da nake yi shi ne in tsaya a kan aiki in bar mutum: karɓar abin da talaka ba shi da shi zalunci ne, ko wa ya yi. Ina kuma tuna musu cewa Malam kansa ɗan babban gida ne, da ya so da ya zauna cikin gata, ya zaɓi ya tsaya da talakawa. Wannan yana ba jikan dagaci wurin tsayawa a cikin labarin ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kuma a je a gaida dagaci kafin a fara, a gaya masa abin da za a koyar. Gaisuwar minti biyar tana kashe fitinar wata guda.

In za a gayyato dattijo, a gayyato ɗaya. PRP ta rabu gida biyu bayan 1979, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma wasu tsofaffin har yau ba su huce ba. Ka haɗa biyu a aji, yara za su sha kallo, darasi kuwa sai wani jiƙon. Alamar mabuɗi ta PRP ma a bar ta, musamman in zaɓe ya matso, tunda jam'iyyar tana nan har yanzu kuma malamin gwamnati ba mai yaƙin neman zaɓe ba ne.

Ga ajin da 'yan mata suka yi yawa, ko garin da ake cire su da wuri, kowane ɓangare yana da abin bayarwa. Malam ya dage a kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, a lokacin da matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba alhali na Kudu sun yi. Sai a 1979 suka shiga layin babban zaɓe, kuma wata kakar a garin tana iya tuna ranar. Ga kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, wadda ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma in hoto guda tak za a ba ni in ɗaga wa 'yan shekara shida, na Ruby Bridges zan ɗauka: yarinya 'yar shekara shida a New Orleans, Nuwamba 1960, da jakar makaranta a hannu, manyan jami'an tsaro na rakiyarta saboda ita kaɗai ce baƙar fata a makarantar kuma ana yi mata ihu a ƙofa. Sa'arsu ce, kuma makaranta take son shiga. Ba abin da malami zai ƙara.

Saura yadda hoton zai isa idon yaro, wanda a ƙauye shi ne rabin zancen. Waya ta fi komai sauƙi kuma ta fi komai rashin amfani. Ƙanwata tana da yara sittin da ɗoriya, fuskar wayarta ba ta kai tafin hannu ba. Ka ɗaga ta, na gaba su danne na baya, na baya su hau benci, kafin ka zagaya aji lokaci ya ƙare, ga caji na tafiya. Waya ta malami ce, ya yi shiri da ita da dare. Bugawa a takarda ta fi, kuma a nan King ya sake samun maki, don hotunansa a shirye suke, sai dai ka kai shagon kwamfuta a Ringim ko Dutse ranar da ka shiga gari. Kada a ɓata kuɗi a kan mai kala, tunda asalin yawancinsu baƙi da fari ne. A nemi babbar takarda, a liƙa a bayan kwalin taliya ko na sabulu, a naɗe da farar leda saboda damina da gara. Kada a bar su a bangon ajin da ba shi da ƙofa, akuya ba ta san tarihi ba.

Labarin Malam kuwa sai an zana shi da hannu. Nan wasu malamai ke ja da baya, wai ba su iya zane ba, wasu kuma saboda zanen abu mai rai, wanda malaman addini suka yi maganganu a kai kuma wasu iyayen ba sa so. Duka biyun maganinsu ɗaya: a zana kaya, a bar mutane. Katin farko allon aji da alli, Malam yana koyarwa a Bauchi. Na biyu takardar haraji. Na uku rumbu a buɗe ba komai a ciki. Na huɗu turke da igiya, ba akuya. Na biyar akwatin zaɓe da mayafi a gefensa. Na shida ɗan madaidaicin gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Na bakwai jirgin sama, don filin jirgin Kano sunansa yake ɗauke da shi, haka ma babban asibitin koyarwa, kuma da wuya a rasa yaron da wani nasa bai taɓa zuwa ɗayansu ba. Sai hoton fuskarsa guda ɗaya a ƙarshe, bayan sun san abin da ya yi. Turke da igiya ba akuya ya fi kowane kati tayar da hannaye a ajina. "Malam, ina akuyar?" Daga wannan tambayar darasin haraji ya fara da kansa.

Duk wanda aka zaɓa, a rufe da wasan kwaikwayo. Benci huɗu sun zama bas, tabarma da kwano sun zama wurin karɓar haraji. Malam da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta, don haka ba baƙon abu aka kawo ba. A riƙa juya matsayi kawai, wanda ya yi direba yau gobe shi ne fasinja, kada suna ya bi yaro har gida.

To wa zai ɗauki wa? Malamin da aka turo baƙo, bai san wa ke gaba da wa a garin ba, ko wanda darasin ya faɗo masa ana tsakiyar kamfen, ko wanda kwana biyu kawai gare shi, ya ɗauki King. Nisan labarin kariya ce a gare shi, ba kakan kowa a ciki, kuma hotunan za su yi masa rabin aikin, muddin ya kiyaye maganar launi. Haka makarantar bakin gari inda yara suka saba ganin Turawa a talabijin. Amma ɗan gari, mai mako biyu a hannu, wanda zai iya sallama a zauren dattijo a amsa masa da sunan ubansa, Malam ya kamata ya fara ɗauka. Dalilina ɗaya ne. Abin da labarin Malam ya rasa, wato hoto, malami zai iya yin sa da kwali da fensir a dare biyu. Abin da labarin King ya rasa, wato kaka mai amsawa a tsakar gida, ba shagon da ke sayar da shi.

Ƙanwata 'yar gari ce, don haka na ce ta ba Malam kwana takwas, ta ba King biyun ƙarshe. Na kuma nuna mata gadar da za ta bi. Ta ciro naira 500 ta ɗaga, ta tambayi yara hoton wa ke jiki. Nnamdi Azikiwe ne. Ranar da aka rantsar da shi Gwamna Janar a Legas, cikin Nuwamba 1960, King yana cikin baƙin da suka zo daga Amurka, kamar yadda ya je Gana bikin 'yancin kai a 1957. Ya taka ƙasar nan, lokacin Malam yana ɗan majalisar wakilai a Legas ɗin. Daga nan sai ta ce, "A can ƙasarsu ma akwai waɗanda ake turawa baya", ta ɗaga hoton famfo biyu. Yaran da suka yi kwana takwas suna maganar rumbu da turke ba za su tsaya a kan launin fata ba, sun riga sun san sunan abin da suke kallo.

Ta dawo ranar Lahadi da kwali biyar da ta roƙo a shagon bakin kasuwa, muka baje a tsakar gida. Ita tana yanka, ni ina zane, 'yata ƙarama tana riƙe da gam. Na gama rumbu, na zana turke, ina cikin jan igiyar sai yarinyar ta leƙo ta ce, "Baba, ka manta akuyar." Kafin in buɗe baki, Inna daga bakin ƙofar ɗakinta, tana tsince wake a faifai, ta ce, "Bai manta ba. Ja ce, mai farin goshi, da cikinta ma. Kakanki ya kai ta kasuwa shekarar da fari suka cinye mana gero." Ƙanwata ta ajiye almakashi, ta jawo littafinta, ta ce, "Inna, nawa aka saye ta?"